Tsohon risho mai famfo: yadda ake gane matsalar kansa da yadda ake daidaita wutarsa

A gidaje da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai tsohon risho na tagulla mai ƙafa uku da aka jingine a lungun ɗaki ko cikin mangaza. Wani na kaka ne, wani kuma tsohon direba ko tsohon soja ne ya bar shi. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a birane, sai aka rage waiwayarsa. Amma ranar da gas ya ƙare, ko za a yi tafiya daji, sai a tuna da shi. A ɗauko, a zuba mai, a buga famfo, a ƙyasta ashana, sai wuta ta tashi sama da hayaƙi, kowa ya watse. Daga nan a ce ya mutu, a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Mafi yawan lokuta bai mutu ba. Irin wannan risho abu uku yake bukata: zafi, matsin iska, da ƙaramar ƙofa mai tsabta. Duk wata matsala tasa tana komawa ga ɗaya daga cikinsu, kuma launin wutar da ƙararta su ne ke faɗin wanne ne.

Asalinsa

Wani makaniki ɗan ƙasar Suwidin, Frans Wilhelm Lindqvist, shi ne ya ƙera shi, inda ya ɗauko dabarar daga fitilar walda ta hannu. A 1892 ya haɗa kai da J.V. Svenson suka fara ƙera shi a birnin Stockholm da sunan Primus, kalmar Latin mai nufin na farko. Kamfanin B.A. Hjorth ne ya riƙa sayar da shi a faɗin duniya. Daga baya wasu kamfanonin Suwidin, irin su Optimus da aka kafa a 1899, da Radius, suka fito da nasu a kan tsari guda.

Matafiya ne suka ɗaukaka sunansa. Roald Amundsen ya tafi da shi lokacin da ya isa ƙarshen kudancin duniya a watan Disamba na 1911, haka ma tawagar da ta hau dutsen Everest a 1953. Kamfanoni a Indiya da Sin sun kwaikwayi ƙirar, kuma irin nasu ne aka fi gani a kasuwanninmu da teburan masu shayi. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafe su su ma.

Mai son sanin shekarun rishonsa ya kifa shi ya duba gindin tanki. Kamfanin Primus ya fara buga harafi a wurin tun 1911: A na nufin 1911, B na nufin 1912, haka abin ya ci gaba.

Yadda yake aiki

Bambancinsa da risho mai lagwani shi ne ba ruwan kananzir yake ƙonawa ba, tururinsa yake ƙonawa. Idan aka buga famfo, iska takan taru a saman man da ke cikin tanki, ta tura shi sama ta bututun tsakiya. A can sama man yakan ratsa lanƙwasassun bututun kai, waɗanda suka riga suka yi zafi, ya tafasa ya zama tururi. Tururin ya fito da ƙarfi ta wata ƴar ƙofa, ya ja iska ya gauraya da ita, ya bugi farantin da ke sama, ya kama wuta shuɗiya. Wannan wutar ce kuma ke ci gaba da gasa bututun, shi ya sa da zarar ya kama ba ya bukatar taimako.

Kananzir ba ya fara tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 150. Idan kan bai kai wannan zafi ba, ruwan mai ne zai fito ta ƙofar, kuma shi ne ke kawo doguwar wutar nan mai tsoratarwa.

Sassan da ya kamata a sani

Tanki: na babban risho, irin Primus lamba 1 ko lamba 5, yana cin lita ɗaya da ɗan ƙari, kuma yakan yi wajen awa huɗu yana ci.

Murfin tanki: a cikinsa akwai zoben roba da ke hana iska fita.

Makullin iska: ɗan abin murɗawa ne a jikin murfin ko a gefensa. Buɗe shi na sakin iska. Shi ne makashin rishon.

Famfo: sanda ce mai ƴar fata kamar ƙoƙo a bakinta.

Bawul: yana can ƙasan bututun famfo. Yana barin iska ta shiga tanki, ya hana ta dawowa, kamar na tayar keke.

Ƴar tasa: tana ƙarƙashin kai, a nan ake zuba alkwal na ɗumama shi.

Kai: lanƙwasassun bututu da farantin sama.

Hanci: ɗan guntun tagulla mai ƙofa, wanda makanikai ke kira gicleur da Faransanci. Faɗin ƙofar a babban risho bai wuce kashi 3 cikin 10 na milimita ba sai da ɗan kaɗan.

Kai iri biyu ne. Akwai mai ruri, wanda ke da buɗaɗɗen faranti da zoben ƙarfe kewaye da shi. Yana da ƙara sosai, amma yana jure iska, shi ya sa matafiya suka fi son sa. Akwai kuma mai shiru, wanda ke da murfi biyu, na ciki da na waje mai ƙananan huji-huji. Wutarsa a natse take, ta fi dacewa da girkin gida, sai dai iska kaɗan kan kashe ta.

Man da ya dace

Kananzir kaɗai, wato abin da ake kira pétrole lampant a gidajen mai. Ba fetur ba, ko da ɗigo. Kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai digiri 38 ko fiye, shi kuwa fetur yana fitar da shi ko a cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa. Duk lokacin da aka buɗe makullin iska don kashe rishon, abin da ke saman tanki yakan fito kusa da wuta. Idan fetur ne a ciki, wannan iskar da kanta za ta kama. Gazwal kuma ba ya fashewa haka, amma yana da nauyi, yana hayaƙi, kuma cikin ƴan kwanaki yakan toshe kai.

Man da ake saye a kwalabe bakin hanya shi ne abin lura, domin ana samun wanda aka gauraya da fetur, ko aka zuba a jarkar da ta ɗauki fetur. A Najeriya irin wannan gaurayayyen kananzir ya sha ƙona mutane har da rasa rayuka. Kafin a zuba, a shinshina. Idan ana shakka, a ɗebi rabin ƙaramin cokali a zuba a murfin gwangwani, a kai waje nesa da jarkar, a kusanto da dogon kara mai wuta. Kananzir tsantsa ba ya saurin kamawa. Idan ya yi fau tun kafin wutar ta taɓa shi, akwai fetur a ciki, kada a yi amfani da shi.

A riƙa tace mai da mazurari da ƙyalle mai tsabta. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe hanci. A cika tanki kashi uku cikin huɗu, a bar sauran don iska.

Sai dai ba kowane tsohon risho ne na kananzir ba. Akwai ƙanana na matafiya, irin Svea 123 da ya fito a 1955 da Optimus 8R mai akwatin ƙarfe, waɗanda aka yi don farin fetur. Su suna da makullin murɗawa a jikin kai, kuma dokarsu daban ce. A karanta rubutun da ke jikin tanki kafin a zuba komai.

Kunnawa yadda ya kamata

Rabin abin da ake ɗauka lalacewa ce, kuskuren kunnawa ne. Ga tsarin:

1. A ajiye rishon a wuri mai daidai inda iska ba ta kaɗawa, a bar makullin iska a buɗe.
2. A tsokaci hanci sau ɗaya da allurarsa.
3. A cika ƴar tasa da alkwal na ƙonawa, a kunna. Kada a taɓa famfo tukuna.
4. A jira har alkwal ɗin ya kusa cinyewa. Yakan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu.
5. A rufe makullin iska, a buga famfo sau biyu ko uku a hankali. Za a ji ƙarar tururi, ragowar wutar tasa ta kama shi. Idan ta riga ta mutu, a sa ashana.
6. A bar shi ya yi rabin minti a ƙaramar wuta, sannan a ƙara famfo har wutar ta kai yadda ake so.

Idan babu alkwal, ana iya sa ɗan guntun lagwani a tasa a jiƙa shi da kananzir. Zai yi hayaƙi ya baƙanta kai, amma yana aiki. Fetur bai halatta a nan ba. Kuma da rana wutar alkwal ba ta ganuwa sosai, don haka kada a ƙara zubawa sai an tabbatar ta mutu.

Matsalolin matsin iska

Famfo na tafiya sakwaf, ba ya tura komai. Fatar ce ta bushe, kuma zafinmu da iskar hunturu na busar da ita da wuri. A kwance murfin famfo a zaro sandar, a jiƙa fatar cikin man keken ɗinki ko man inji na wasu awoyi, a buɗa bakinta da yatsa, a mayar a hankali kada bakin ya naɗe. Idan ta tsage, baduku zai iya yin sabuwa: a yanka fata mai laushi a zagaye, ta ɗan fi bakin bututun faɗi, a huda tsakiya, a jiƙa, a ɗaura a sandar a tura bakin bututun ta kwana, za ta ɗauki siffar ƙoƙo.

Sandar famfo na tasowa da kanta, ko ana ganin kananzir a cikin bututun famfo. Wannan bawul ne, kuma ita ce matsalar da ta fi haɗari, domin mai na iya ɓulɓulowa kusa da wuta. A saki iska nan take. A cikin bawul ɗin akwai sifirin da ɗan guntun roba, ko toto a tsofaffin, wanda ya taurare da shekaru. Kwance shi na bukatar doguwar sanda mai tsaga a baki, wadda ta yi daidai da kan bawul ɗin. Tagulla ce mai laushi, idan sandar ta zame sau biyu kan ya cinye, sai an narkar da dalmar bututun gaba ɗaya kafin a kai gare shi. A zuba mai a bututun ya jiƙa kwana biyu, a danna da ƙarfi sannan a murɗa. Wanda ba shi da wannan sanda gara ya kai wa mai gyara.

Famfo ba ya danuwa sam. Bawul ɗin ne ya manne saboda daɗewa a ajiye. A ɗiga ɗan kananzir a bututun, a bar shi ya kwana, a sake gwadawa.

Wuta na kamawa da kyau, amma bayan ƴan mintoci sai ta yi ƙasa. Iska ce ke zurarewa, kuma galibi ta zoben murfin tanki. Idan zoben ya yi tauri kamar itace ko ya tsattsage, a canza shi. Kada a yanko robar cikin tayar keke ko ta babur, domin kananzir na kumbura ta, ta yi laushi ta narke. A nemi roba mai jure mai a wurin masu sayar da kayan mota. Ita ce kuma ake sa wa a bawul.

Don gano inda iska ke fita, a juye man duka, a rufe komai, a buga famfo, a toshe hanci da yatsa, a tsoma rishon cikin bokitin ruwa. Inda kumfa ke tasowa, nan ne. Ruwan sabulu ma na nunawa. Bayan gwajin a shanya shi da kyau.

Matsalolin da wuta ke nunawa

Doguwar wuta rawaya mai hayaƙi tun farkon kunnawa. Kan bai yi zafi ba, ko an yi gaggawar buga famfo, ko iska ta kaɗa wutar alkwal gefe. A buɗe makullin iska, wutar za ta faɗi cikin daƙiƙoƙi. Kada a ɗaga rishon, kada a ƙara famfo da tunanin zai gyaru. A bar man da ya zubo ya cinye, a jira ya huce, a sake ɗumamawa, sau biyu idan ana sanyi.

Wuta rawaya ko bayan kan ya yi zafi, tukunya na yin baƙi. A nan yawanci ƙofar hanci ce ta faɗaɗa. Tururi na fitowa fiye da iskar da zai iya ja, sai ya ƙone rabi da rabi. Shekaru na faɗaɗa ta, amma abin da ya fi faɗaɗa ta shi ne allurar ɗinki ko tsinke. Allurar ɗinki tana kauri daga baki zuwa sama, duk turawa ɗaya tana buɗa tagullar. Maganinsa sabon hanci ne. Wasu masu gyara kan bubbuga saman hancin don ƙofar ta tsuke, wannan kan riƙe na ɗan lokaci, amma sau da yawa yana karkatar da wutar. Kafin a ɗora wa hanci laifi, a duba ko man na da gazwal, kuma a duba ko zoben wuta na nan a zaune daidai.

Wuta ƙarama duk da tanki ya cika da iska. Hanci ya toshe. A tura allurar risho a miƙe, sau ɗaya ko biyu, da ashana a shirye domin wutar kan mutu. Idan babu allurar asali, silin waya guda da ya fi ƙofar siranta zai yi, muddin ya shiga ba tare da an tilasta ba. Idan wayar ta karye a ciki, sai an kwance hancin a turo ta daga baya.

Wuta ta karkata gefe guda. Ko datti ya tare rabin ƙofar, ko hancin bai zauna a miƙe ba, ko kan ya lanƙwashe saboda faɗuwa. Tururin ya kamata ya bugi tsakiyar faranti. A tsokace shi tukuna. Idan bai gyaru ba, a kwance hancin a wanke, a mayar.

Hanci na toshewa kowane ƴan mintoci, ko wuta na sama da ƙasa kamar numfashi. Bututun kai sun cika da baƙar dauɗa mai tauri, wadda makanikan babur ke kira kalamin. Guntayenta ne ke ɓallewa su toshe ƙofar. Ruwa a cikin mai ma na sa wuta tsalle da tartsatsi. A fara juye tanki a ɗauraye shi da kananzir mai tsabta. Idan bai daina ba, sai wankin kai, wanda bayaninsa ke tafe.

Ƴar wuta rawaya a gindin hanci ko a gindin kai. Tururi ne ke fita ta inda bai kamata ba. Idan a gindin hanci ne, a kashe, a bari ya huce, a ɗan ƙara ɗaure shi. Idan a mahaɗar kai da bututun tanki ne, zoben da ke wurin ya mutu. Wannan zobe ba na roba ba ne, na wani abu ne mai jure zafi. A tsofaffin risho da yawa da asbestos aka yi shi, abin da Faransanci ke kira amiante, kuma ƙurarsa na cutar da huhu. A jiƙa shi kafin a cire, kada a kankare shi a bushe, kada a hura. Idan kuwa wutar daga jikin bututun take fitowa, kan ya tsage, sai walda ta tagulla ko sabon kai.

Kai mai shiru ya fara ruri, murfin ya yi ja. Wutar ta koma cikin murfi maimakon ta tsaya a waje. Idan aka bar ta haka za ta cinye murfin ta lalata kan. A saki iska, a jira murfin ya daina ja, a rufe, a buga famfo har farin tururi ya fito ta huji-hujin, sannan a kunna daga sama. Abin da ke kawo wannan shi ne kunnawa daga ƙasa, ko murfin da bai zauna daidai ba, ko wanda ya tsage, ko huji-hujin da tsatsa ta toshe. A goge su da burushin waya.

Wankin kai daga kalamin

Wannan aiki ne na waje, kuma ba a yin sa kan na jikin tanki. A kwance kan da sifana biyu, ɗaya na riƙe bututun tanki don kada dalmarsa ta tsage. A cire hanci da makullinsa na musamman, wanda ke da gaɓa don ya shiga tsakanin bututun. A riƙe kan da awartaki, a gasa shi a wutar gawayi ko ta mai walda har ya fara ja kaɗan, irin jan da ba a gani sosai sai a inuwa. Yana cikin wannan zafi a hura iska ta ƙasansa da famfon keke. Dauɗar za ta kama ci daga ciki, hayaƙi da tartsatsi su fito. A maimaita har hayaƙin ya daina.

Kada a bari ya yi ja sosai, domin mahaɗan bututun da walda aka haɗa su, za su saki. A bar shi ya huce da kansa, a bubbuga a hankali tokar ta zubo, a ɗauraye da kananzir, a mayar da sabon zobe.

Daidaita wuta

Lafiyayyen kai mai ruri yana ba da wuta shuɗiya da ta kasu kashi huɗu daidai da juna, da ƙara wadda ba ta yankewa. Zoben wutar na iya yin ja, wannan ba laifi ba ne. Mai shiru kuma yana ba da zagayen ƙananan harsuna shuɗɗa, tsayinsu ɗaya. Babban risho mai lafiya yana tafasa litar ruwa cikin minti huɗu zuwa biyar, kuma gindin tukunya ba ya baƙi. Wannan shi ne ma'aunin da za a gwada gyara da shi.

Ƙara wuta da famfo ne, rage ta kuma da ɗan buɗe makullin iska a sake rufewa. Idan aka rage ta ƙwarai na tsawon lokaci, kan zai huce ya koma rawaya. Mai son miya ta dahu a hankali gara ya sa faifan ƙarfe ƙarƙashin tukunya da ya kashe ƙarfin wutar. Yawan famfo ma ba ya ƙara komai bayan wani mataki, sai dai wutar ta ɗaga daga kan ta mutu.

Tukunya mai faɗi sosai na mayar da zafi ƙasa kan tanki. Ƙafafu da bututu da dalma aka manna su, ita kuwa tana narkewa a wajen digiri 200. A riƙa taɓa tanki: ɗumi ba komai, amma idan hannu ba ya iya zama a kai, a kashe. Haka nan idan za a kare iska da kwano ko kwali, a kare ɓangaren da take zuwa kawai, kada a kewaye tankin.

Abin da ba a gyarawa

Tankin da ya tsage a jikinsa, musamman siraran tsagogi daga sama zuwa ƙasa, ya gama aiki. Tsohuwar tagulla ce ta gaji, idan aka toshe nan za ta buɗe can. Haka tankin da gindinsa ya kumburo. Kada a liƙe da sabulu ko gam. Kuma kada mai walda ya kusanto da wuta ga tankin da ya taɓa ɗaukar mai sai an wanke shi sarai, an bar murfin a buɗe.

Kariya

Kada a kunna shi a ɗaki rufe, ko a lokacin sanyi. Wuta, musamman rawaya, na fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. Duk wanda ya ji su ya kashe rishon ya fita waje.

Kada a buɗe murfin tanki ko a ƙara mai wuta na ci. Idan mai ya zube ya kama, a rufe da rairayi ko jiƙaƙƙen bargo. Ruwa na watsa wutar kananzir ne, ba ya kashe ta. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar ita ce 18. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi a wurin na minti 20, ban da man goge haƙori, ƙwai ko manja, sannan a kai shi asibiti.

Kada a ajiye kananzir ko alkwal a kwalbar lemo ko ta ruwan sha. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, domin man na iya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti.

Ajiya

Bayan an gama girki a bar makullin iska a buɗe. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kaɗai ya isa ya kumbura iskar tanki ta turo mai ta hanci, a wayi gari kan ya jiƙe. Idan za a yi tafiya da shi, a juye man a jarka. Idan za a ajiye shi na watanni, a juye man, a ɗiga mai a fatar famfo, a sa shi cikin buhu ko akwati saboda ƙurar hunturu. A ɗaure allura biyu da zobe na ƙari a jikin ƙafarsa, domin ranar da za a neme shi, su ne abin da za a fara nema.